Layin da Ya Ƙi Yankewa

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safiyar Alhamis Ƙarama ta ga an taɓa mata zanen gini a kwamfutar ofis.

A shafi na sha ɗaya ne, wajen bim ɗin da zai ɗauki nauyin bene na biyu. Jiya da yamma, kafin ta tashi, da hannunta ta rubuta rodi mai kaurin milimita sha biyu. Yanzu sha shida ne a wurin. Ta cire gilashinta ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta sake dubawa. Sha shida.

Ofishin ɗaki uku ne a saman wani kantin fenti, kuma warin fentin ba ya barin matakalarsa. Babanta ne ya buɗe shi shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Shi ake ce wa Babban Injiniya, da ta gama karatu ta shigo sai ma'aikata suka sa mata Ƙaramar Injiniya, daga baya baki ya gaji aka bar shi a Ƙarama. Shekara biyu da rabi ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da uban a gida, ta hau kujerarsa, amma sunan bai tashi daga kanta ba, duk da ta ba arba'in baya.

Aikin da ke gabanta zanen makaranta ne mai hawa uku, aji goma sha takwas. Kamfanoni da yawa ke nemansa, kuma ƙarfe huɗu na yammacin ranar za a rufe karɓa. Ta intanet ake turawa, da hatimin kamfani, hatimin kuwa a cikin wannan kwamfutar kaɗai yake. Wata huɗu ta yi tana fama da zanen. Idan aka samu, ofishin zai yi shekara biyu yana numfashi. Idan ba a samu ba, ba ta so ma ta yi tunanin abin da zai biyo baya.

Ta leƙa ɗakin tsakiya. Kawu na zaune yana hura shayi. Ba kawunta na jini ba ne, mai zanen ofishin ne tun zamanin tebur da fensir, shi ya fara koya mata riƙe rula tana 'yar shekara tara. Ban da ita, shi kaɗai ke da makulli.

"Kawu, kun taɓa shafi na sha ɗaya?"

"Ni da kwamfutarki? Ai ko gaisawa ba ma yi." Ya yi 'yar dariya, amma bai ɗago ya dube ta ba.

Ta koma ta zauna. Ranar Talata ma ta ga wata lamba da ba ta tuna ta rubuta ba, ta ce gajiya ce. Ta kuma san cewa a watan jiya wani kamfani da suke takara da shi ya aiko wa Kawu da tayin aiki. Shi da kansa ya faɗa mata, yana dariya. A lokacin ita ma ta yi dariya.

Tana cikin bin shafukan ɗaya bayan ɗaya, wajen ƙarfe goma, sai kibiyar linzamin kwamfutar ta motsa a kan allo. Hannunta na kan cinyarta. Kibiyar ta tafi a hankali, tana karkarwa, ta hau sama, ta buɗe shafi na sha bakwai, ta tsaya a kan fila, ginshiƙin matakala. Ƙarama ta cafke linzamin ta ja shi gefe. Kibiyar ta biyo ta, sannan ta ƙwace ta koma inda take. Sau uku suna haka. Ta durƙusa ƙarƙashin tebur ta fizge kebul ɗin intanet daga bayan kwamfutar, kibiyar ta tsaya cak.

Ta kira Dogo.

Dogo gajere ne, shi ya sa aka sa masa sunan. Shi ke gyara musu kwamfuta idan ta tashi rigima, mutum ne mai furfura a gemu da jakar baya mai cike da wayoyi. Sai goma da minti arba'in ya iso, yana haki daga hawan matakala. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba, sannan ya ja kujera ya buɗe jerin hanyoyin da kwamfutar ke fita waje da su.

"Kin ga wannan, kebul ne, kin san shi. Wannan waifai ne, a kashe yake. To wannan na ukun fa, wa ya sa shi?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Ba inda ido ke zuwa ba ne. Layi ne da aka haƙa daga nan zuwa wata kwamfuta a waje. Wanda ke can yana ganin abin da kike gani, yana taɓa abin da kike taɓawa."

"Kashe shi."

Ya danna. Wurin da aka rubuta a kashe ya yi toka-toka, bai amsa ba. Wurin gogewa ma haka. Ya zaga ta wata hanyar, wani ɗan akwati ya fito ya ce ba za a iya kashe wannan layi yanzu ba, wani ne ya buɗe shi. Dogo ya sosa gemu.

"Ya ce ba ni na ɗaura ba, ba ni zan kwance ba. Bari mu gani."

Ya shiga jerin kayan da ke cikin kwamfutar, ya samo layin, ya cire shi daga can. Ya ɓace. Ƙarama ta sauke ajiyar zuciya. Dogo ya ce ta dakata tukuna, ya kashe kwamfutar ya kunna. Da ta gama tashi, layin na nan a wurinsa, kamar ba a taɓa shi ba.

"Akwai abin da ke dasa shi duk lokacin da ta tashi," in ji shi.

Ya sake tayar da ita da kayanta na dole kawai. A nan layin bai fito ba, amma intanet ɗin ma bai fito ba, manhajar hatimi kuma ta ƙi buɗewa. Ya mayar da ita yadda take, ya bi shirye-shiryen da ke aiki a ɓoye ɗaya bayan ɗaya, yana karanta sunayensu a ƙasan maƙoshi, har ya kama wanda ke da alhakin. Ya ce a tsayar da shi. Kwamfutar ta nemi kalmar sirrin babban mai iko da ita.

"Sa taki," in ji Dogo.

"Tawa ai ita na shiga da ita."

"Taki ta mai aiki ce. Akwai ta maigida a samanki. Wa ya sayi kwamfutar nan?"

"Baba. Kafin ya kwanta."

"To. Ki sani, kuskure biyu take yafewa. A na uku za ta kulle ƙofar nan awa biyu."

Ƙarama ta dubi agogon bango. Sha biyu saura kwata.

"Bar shi kawai," ta ce. "Mu mayar da kebul, in tura cikin minti biyar, mu sake cirewa. Ko waye ba zai yi komai a minti biyar ba."

Dogo bai so ba, amma ya mayar. Ta buɗe shafin masu karɓar aikin, ta ɗora wata takarda ta gwaji, ta danna hatimi. Jan rubutu ya fito: an gano layin da ke ba wani damar sarrafa wannan kwamfuta daga nesa, ba za a karɓi hatimi ba sai an cire shi. Sabuwar doka ce da suka sa a bana. Ta karanta sau biyu.

"A mayar da hatimin wata kwamfutar," ta ce.

"Kwana uku na aiki, in sun ga dama."

"A wanke wannan gaba ɗaya."

"Hatimin zai bi ruwa."

Ta jawo allon rubutun gabanta. Akwai kalmar da suke amfani da ita a ofis tun da can, wadda ke rubuce a cikin murfin tsohuwar rajistar zane. Ta buga ta. Akwatin ya girgiza ya ce ba ita ba ce. Ta ɗaga yatsu za ta sake, Dogo ya zare allon daga ƙarƙashin hannunta ya ɗora a cinyarsa.

"Saura biyu, Injiniya. Kada mu yi caca da su."

Ta miƙe ta fita ɗakin tsakiya. Kawu na gaban teburinsa, ya shimfiɗa wata takarda da ba ya karantawa. Shayinsa ya huce da fata a kai.

"Kawu, akwai wanda ke shiga kwamfutata daga waje."

Ya gyara zaman takardar da ke gabansa.

"Ba ku yi mamaki ba."

"Na ji kuna magana da Dogo."

"Tun kafin Dogo ya zo ba ku dubi idona ba. Kun san da layin nan?"

Ya juya fensir a hannunsa. "Na sani."

Ta dafa bakin teburin. "Tun yaushe?"

"Ya daɗe."

"Wa ke can ɗaya bakin?"

"Wannan ba zan faɗa ba, 'yata. Na yi alkawari."

"Alkawari da wa? Da mutanen da suka aiko maka da tayi?" Ba ta taɓa ce masa ka ba sai ranar. Ta ji kalmar ta fita, ba ta janye ta ba. "Shekara talatin kana cin abinci a gidanmu. Ranar da Baba ya faɗi kai ka ɗauke shi zuwa mota. Saura awa uku da rabi a rufe, kana zaune kana gaya mini alkawari?"

"Ba abin da kike zato ba ne. Ki ba ni zuwa la'asar in nemi izini."

"Zuwa la'asar an gama da mu. Ajiye makullin."

Ya dube ta a karon farko tun safe. Sannan ya sa hannu a aljihu, ya daɗe yana kokawa da zoben makullan kafin ya zare na ofis, ya ajiye a kan takardar. Ya ɗauki hularsa da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango, ya fita. Ta ji takunsa a matakala, a hankali, yana hutawa a kowane hawa saboda gwiwarsa.

Da ta koma, ta tarar Dogo ya duƙufa a kan allo, ko da yake ya ji duka. Ya buɗe wani dogon jeri na ranaku da lambobi yana bi da yatsa.

"Layin nan yana ajiye tarihin kansa," ya ce. "Shekara biyu da wata ɗaya ke nan ana shigowa. Kusan kullum. Daga goma na safe zuwa sha biyu, sai kuma da yamma kamar biyar da rabi, in an bar kwamfutar a kunne. Ɓarawo ba ya da lokacin aiki irin wannan."

"Daga ina?"

"Abin da nake dubawa ke nan. Lamba ɗaya ce kullum, ba ta canzawa." Ya ciro wayarsa, ya shiga inda yake ajiye bayanan gidajen da ya yi wa aiki, ya dubi wayar, ya dubi allo, ya sake duban wayar. "Injiniya, kin tuna bara kin aike ni in canza na'urar intanet a gidan su Umma?"

"Na tuna."

"Lambar gidan ce."

Ta auna lokutan a ranta. Ƙarfe goma shi ne lokacin da mai gasa wa Baba jiki ke tafiya. Sha biyu ake ba shi magani ya kwanta.

"Bar kebul ɗin a jone," ta ce. "Kada ka tashi daga nan, kada wayarka ta mutu."

Tafiyar minti ashirin ce, ta ci mata arba'in, don wata motar siminti ta lalace a tsakiyar titi. Biyu saura minti biyar ta tura ƙofar gidan. Umma na falo tana ninke kayan wanki. Ta ga fuskar 'yarta, ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Kin gano ke nan."

"Har da ke, Umma?"

"Ƙaninki ne ya haɗa masa, wancan hutun da ya zo. Babanki ya hana kowa gaya miki. Ya ce in kin sani za ki riƙa aiki kina waiwaye." Ta rage murya. "Ki bi shi a hankali. Abin da ke tashinsa da safe ke nan."

Yana ɗakin baya, a kujerarsa mai taya, bai kwanta ba yau. An gitta masa katako a kan hannuwan kujerar, ƙaramar kwamfuta a kai. Hannunsa na dama na kwance a cinya kamar na wani. A kan allon, ga teburin aikinta na ofis, da hoton da ta sa a bango, da shafi na sha ɗaya a buɗe.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da ka. Maganarsa tun bayan ciwon gajera ce, kalma biyu ko uku, su ma sai an kasa kunne.

"Baba, ku ne kuka mayar da rodin bim sha shida?"

"Sha biyu... kaɗan." Ya nuna allon da haɓa. "Tanki."

Ta matso ta duba. Tankin ruwa. Sati biyu da suka wuce masu makarantar suka ce a matsar da shi, ta matsar, ya dawo daidai saman wannan bim ɗin, ba ta sake lissafin nauyin ba.

"Kun yi gaskiya. Ban gani ba."

Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. "Uwata... gaggawa."

"Da safe kun shiga shafi na sha bakwai. Me kuka taɓa?"

"Zobe. Matakala."

Ta karɓi linzamin ta buɗe shafin. A filar da ke riƙe da matakala, tazarar zoben da ke ɗaure rodi milimita ɗari da hamsin ta sa. Yanzu ɗari huɗu da ashirin da biyar ne a rubuce. Ya riga ya canza kafin su fara ja-in-ja, ita kuwa hankalinta na kan kibiyar, ba ta lura ba.

"Nawa kuka so ku sa?"

Ya ɗaga hannun hagu. Yatsa ɗaya. Sannan biyu. Sannan biyar.

Ta sa yatsa a ƙarƙashin lambar da ke allon. Ya sunkuyo. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi madannan lambobi, inda huɗu ke zaune daidai saman ɗaya, ya dubi yatsansa da ke rawa ko da bai sa shi aiki ba. Shi da ita duk sun san abin da fila mai zobe irin wannan za ta yi ranar da aji shida suka taso lokaci ɗaya suka cika matakala.

"Da na gani," ya ce da ƙyar.

"Wataƙila. Wataƙila ni ma da na gani. Baba, ba wannan kaɗai ba ne. Sun ƙi karɓar hatimi muddin layin nan na nan. Ƙarfe huɗu za su rufe. Ba ya kashuwa, ba ya goguwa, sai da kalmar sirrinku."

Ya juya fuska wajen taga.

"Baba."

"A'a."

"Ku faɗa mini in gaya wa Dogo."

"A'a." Wannan ta fito sarai, fiye da duk abin da ya faɗa a shekarar.

Agogon wayarta ya nuna biyu da kwata. Umma na bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa. Ƙarama ta ji magana mai zafi na taso mata, irin wadda ta yi wa Kawu, ta haɗiye ta.

"Ban zo in kore ku ba. Amma yau na kori Kawu saboda ya ƙi faɗar sunanku. Na karɓe makullinsa. Na ce masa ya sayar da mu."

Kansa ya juyo da sauri. "Kawu?"

"Shi. Ya fita yana jan ƙafa, bai tona ku ba."

Idonsa ya kaɗa. Ya dubi Umma, Umma ta dubi ƙasa. Fankar sama na ta juyawa, tana ɗan kukan da aka daɗe ana cewa za a gyara. Sai da aka yi kamar minti uku, sannan ya ja kwamfutar kusa da ƙirjinsa.

"Ni... zan sa. Da kaina."

Ta kira Dogo ta sa wayar a bayyane. Ta gaya masa Baba zai buga kalmar daga nan, ta layin. Dogo ya gaishe shi da ladabi, sannan kibiyar ta motsa a gabansu, akwatin neman kalmar ya fito a tsakiyar allo.

"Ranka ya daɗe, a hankali. Babu mai korarmu," in ji Dogo, shi da ya fi kowa sanin akwai.

Baba ya fara. Kowane harafi sai yatsan ya yi shawagi a sama kafin ya sauka. Ɗigo baƙi ɗaya, biyu, uku, har tara. Ya danna. Akwatin ya girgiza.

Daga wayar aka ji Dogo ya ja numfashi. "Saura ɗaya. In wannan ta kuskure, sai huɗu da rabi."

Gumi ya tsattsafo a goshin tsohon. Ya ɗaga hannun, rawar ta ƙaru, har farcensa na ƙwanƙwasa katakon. Ya mayar da shi cinya.

"Ku bari in riƙe muku," ta ce. "Ba zan duba ba."

Bai hana ba. Ta zagaya bayan kujerar, ta kama tsintsiyar hannunsa da hannu biyu, ta juya fuskarta ga bango. Hannun ya yi sauƙi fiye da yadda ta zata. Tana jin yadda yake ja, tana binsa, tana tare rawar kawai. Ya sauka, ya ɗaga. Ya sauka, ya ɗaga. A na shida ya tsaya, ya daɗe. Sannan ya ci gaba. Tara. Ya danna.

Sai muryar Dogo: "Ta buɗe."

Ta juyo. A kan allon kibiyar na ta gudu a hannun Dogo. Ya tsayar da shirin ɓoyen, ya hana shi sake tashi, ya koma jerin layukan. Wurin gogewa da ya wuni toka-toka yanzu baƙi ne sarai.

"Injiniya, in danna?"

Ta dubi babanta. Idonsa na kan teburin aikin da ya yi shekara biyu yana zuwa kullum ba tare da ya hau matakala ba.

"Danna," in ji shi.

Hoton ya daskare, sannan allon ya yi baƙi, da ɗan rubutu a tsakiya cewa layi ya yanke. A cikin baƙin ta hango fuskarsa da tata a bayansa. Ya sa hannu ya rufe kwamfutar.

"Je ki."

Uku saura minti ashirin ta fito. Tana tuƙi tana lissafi: shafi arba'in da ɗaya, ba ta san nawa ya taɓa ba, kuma ba mai iya bin su duka a cikin abin da ya rage. Uku da minti goma ta faka a gaban kantin fenti. Kawu na zaune a kan benci a ƙofar kantin, hularsa a gwiwa, yana kallon titi. Ashe bai tafi ko'ina ba.

Ta tsaya a gabansa. Mai kantin da wani mai saye suna kallo. Ta durƙusa har ƙasa.

"Kawu, na dawo daga gida. Ku yafe mini."

"Tashi, ana kallonki." Bai yi murmushi ba. Ya miƙa mata ƙaramin littafin nan mai baƙin bango. "Shekara biyu kallo kawai yake yi. Ranar Litinin ya fara taɓawa. Duk abin da ya canza na rubuta a nan, na kuma duba da kaina bayan kin tashi. Guda biyar ne zuwa jiya. Huɗu daidai, ɗaya na mayar. Na yau ne ban gani ba."

"Na ga na yau. Ku zo mu hau, don Allah."

Suka hau tare, ita a baya tana danne kanta kada ta ce ya yi sauri. Kawu ya zauna kusa da ita yana kiran shafi da lamba, tana buɗewa tana dubawa. Dogo ya ciro jerin shafukan da aka taɓa a makon, suka gwada da littafin, suka yi daidai, sai na sha bakwai kaɗai ya ƙaru. Ta goge ɗari huɗu da ashirin da biyar. Ta ɗan tsaya, ta yi lissafi a gefen takarda, ta rubuta ɗari da ashirin da biyar.

Huɗu saura minti sha tara ta fara ɗorawa. Zanen na da nauyi, koren layin da ke nuna tafiyarsa na rarrafe. A kashi saba'in ya tsaya. Dogo ya durƙusa ya danna kan kebul ɗin da babban yatsa, ya riƙe shi haka, ko da yake daga baya ya ce wannan ba ya ƙara komai, hannunsa ne kawai ya rasa abin yi. Layin ya motsa. Ya cika. Ta danna hatimi. Babu jan rubutu. Shafin ya ce an karɓa, ƙarfe uku da minti hamsin da uku.

Dogo ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. "Wanda ya ce in gyara masa ko rediyo yau, sai mun ɓata."

Kawu ya dawo aiki washegari, a kan lokacinsa, amma ya yi kusan wata guda yana ce mata Injiniya maimakon 'yata, ita kuma ba ta ga bakin yin ƙorafi ba. Sakamakon takarar sai bayan mako shida aka ce zai fito.

Baba kuwa ya daina tashi da wuri. Umma ta ce sai mai gasa jiki ya zo ake lallashinsa ya zauna. Ranar Asabar Ƙarama ta buga zanen wani ɗan asibiti da ta fara, a manyan takardu, ta naɗe ta kai masa. Ta gaishe shi, ya amsa fuskarsa na bango. Ta ce ga aiki ta kawo a duba mata. Bai juyo ba. Ta ajiye a kan kujera ta zauna rabin awa, ta tashi ta tafi.

Lahadi ba labari, Litinin ma haka. Ranar Talata da hantsi tana tsakiyar magana da wani mai gini, wayarta ta yi ƙara. Umma ce.

"Babanki ya ce shafi na takwas ba ya ciki."

"Na manta shi a injin bugawa. Zan kawo da yamma."

Ta ji muryarsa daga nesa, yana faɗin wani abu da ƙarfi, Umma na cewa to, to, na ji.

"Ya ce ba da yamma ba. Kuma wai wa ya koya miki sa ƙofar ɗakin haihuwa tana buɗewa ciki?"